Cokali Ɗaya a Tulu Guda

Bari in faɗa muku da bakina tun kafin ku ji a wani wuri: ni na jawo wa kifin nan ciwo. Gwaggo ta ce bakin mutane ne, maƙwabta suka ce zafin bazara ne, ni kuwa na yi tsit na bar su a haka. Amma ku ba zan ɓoye muku ba. Hannuna ne, da sabulu, da son a yabe ni ranar Sallah.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Balaraba 'yar Tanko masunci, gidanmu ne na ƙarshe kafin a gangara tabkin Madarumfa. Shekarar da nake ba ku labarinta 1955 ce, zamanin Faransa, ina da shekara goma sha tara. Innata ta rasu ban kai yaye ba, sai yayar Baba, Gwaggo Binta, ta dawo gidan ta raine ni. Mu uku ke nan, ba ƙari. Tun ina 'yar mitsitsiya nake riƙe wa Baba bakin koma yana ɗinki. Na iya feɗe tarwaɗa ido rufe, bandata kuwa har garin Ɗan Issa ana tambayarta. Abu ɗaya ne zuri'armu kaf ba ta taɓa koya ba, wato yadda ake hana kifi mutuwa.

Sai Allah ya haɗa ni da Hamisu.

Kuku ne a gidan wani likita Nasara a Maraɗi. Duk mako yakan zo sayen kifin teburin maigidansa, da farin wando mai karin guga, da jar dara, da farce fes kamar bai taɓa taɓa ƙasa ba. Ranar farko ya tsuguna gaban faifaina yana ɗaga kumatun karfasa ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa, har raina ya ɓaci.

Na ce, "Malam, in saye za ka yi ka saya. Ba aurenta za ka yi ba."

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ita dai, a'a."

Wallahi har kunnuwana sai da suka yi zafi. Na ja kallabi na rufe rabin fuska, na zuba masa kifi fiye da yadda ya nema, na kuma ƙi kallonsa har ya tafi. Bayan wata biyar kawunsa ya zo gaida Baba. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Gwaggo ce ta yi magana, a tsakar gida, yadda za a ji daga zaure: "Namiji da ludayi a hannu? To ke kuma mi za ki riƙe?"

Ana cikin haka aka maida likitan Damagaram, dole Hamisu ya bi shi. Matar likitan kuwa ta koma Faransa, ta bar wa Hamisu abin da ba ya shiga akwati.

Ba zan manta da ranar da ya kawo abin ba. Wajen azahar muka ji sallama, na leƙa ta kafar darni, sai ga Hamisu da gammo a ka kamar mace ta dawo daga rijiya, da wani abu bisa gammon naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Farin wandon nan ya koma ja don ƙura, ƙafafunsa sun kumbura cikin takalmi. Ashe tun asuba ya tako daga Maraɗi da ƙafa, wai kamiyo, babbar motar kaya, zai girgiza ruwan.

Ya sauke a zaure a hankali, ya kware ƙyallen. Wani tulu ne na gilashi, mai faɗin baki, ana ganin cikinsa tas, ya ce sunansa bokal. A ƙasa 'yan tsakuwoyi farare. A tsakiyar ruwan kuwa ga wani ɗan kifi, bai kai tafin hannuna ba, ja jawur mai sheƙi, wutsiyarsa rabe biyu tana yawo kamar bakin fatala.

Baba ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wanga ya faɗa cikin manja ne?"

Daga nan sunan ya bi shi, Manja.

"Ana cinsa?" in ji Gwaggo daga bayana.

"A'a, Gwaggo. Kallonsa ake."

"Kallo! Tabɗi. Nasara dai ba su rasa abin yi."

Hamisu ya durƙusa gaban Baba, ya ce yana roƙon a jira shi. In ya samu wurin zama a Damagaram, kafin shuka zai turo manya. Kifin nan kuma amana ce, a hannuna yake son barinta.

Baba ya yi dariya har da buga cinya. "Yaro, shekarata arba'in cikin ruwa. Kifi a kwalba, kwana bakwai in ya daɗe. Amma na ji. Zan jira ka muddin wanga abu shina numfashi. Ranar da ya juya ciki sama, maganarka ta juya tare da shi, in buɗe ƙofa ga na kusa."

Cikin wasa ya faɗa, amma duk Madarumfa an san Baba ba ya magana biyu. Kuma na kusan akwai su. Gwaggo ma tana da nata a Gabi nan kusa da mu, wani mai gonar gyaɗa, kullum sai ta jefo sunansa cikin hira, ta kuma tuna mini sa'o'ina duk suna da goyo na biyu. Ba wanda zai ɗaure ni ya kai ni gidan kowa, Baba ba haka yake ba. Sai dai in kifin ya mutu, Hamisu ya fita daga lissafi har abada, ko da zai zo da raƙuma.

Kafin ya tafi ya tsaya da ni a bakin darni, Gwaggo na nesa kaɗan tana tsince wake da kunne a miƙe. Na ɗauka zai faɗi wata magana mai daɗi in riƙe. Ina! Sai ya shiga lissafa mini dokoki. Abinci sau ɗaya a yini, abin da yatsu biyu suka tsinta. Ruwa a rage kashi ɗaya cikin uku, a ƙara wanda ya kwana a tulu. Kada sabulu ya taɓa bokal. Kada hannu ya taɓa kifi.

Na ce, "Shi ke nan abin da ka zo faɗa mini?"

Ya sunkuyar da kai. "In kin riƙe wannan, Balaraba, kin riƙe ni."

To, kun dai ji irin mutumin. Na tsaya nan har jar darar ta ɓace bayan itatuwan bakin tabki.

Kwana bakwai suka wuce Manja bai juya ba. Wata ɗaya, wata biyu, har huɗu. Na ajiye shi a ɗakina kusa da randa, bisa wani kututture da na lulluɓe da tsohon saƙin Inna, inda hasken ƙofa ke faɗa masa da hantsi. Da ya ga inuwata sai ya taso sama yana buɗe baki, ni kuma in zauna in yi ta ba shi labarin gari kamar mahaukaciya. Matan unguwa, har da na Gabi, suna zuwa kallo. Baba kuwa kullum in zai fita sai ya tsaya a ƙofa ya ce, "Laraba, bai juya ba?" In ce bai juya ba. Ya ce, "Uhm," ya saɓa gorarsa ya wuce. Amma wata rana na dawo daga rijiya na tarar da 'yar kainuwa tana yawo a saman ruwan, kore shar, da saiwoyinta, Manja na ɓuya ƙarƙashinta. Na tambayi wanda ya sa, Baba ya ce shi bai san zancen ba, ƙila iska ce.

Sai ƙaramar Sallah ta zo.

Gefen bokal ya yi kore-kore da gansakuka, ga shi na san gida zai cika da 'yan yawon Sallah. Na yi lalle har gwiwar hannu, na yi kitso, an ɗinko mini sabuwar atamfa mai ganyen shuɗi, na jera kwanonina suna walƙiya. Na dubi bokal na ce haba, ta yaya komai zai yi fes shi kaɗai ya zauna kamar tulun da aka manta? Na san dokar, jama'a, na san ta sarai. Amma na ce sau ɗaya dai ba zai yi komai ba. Na zura hannu na cafko Manja kamar yadda nake cafko karfasa, ya kubce, na sake damƙarsa, awarwarona ya karce shi a gefe. Na jefa shi a ƙwarya, na wanke bokal da toka da sabulu har yana ƙara, na cika shi da sabon ruwan rijiya mai sanyi. An kuwa yabe ni. Kowa ya shigo sai ya ce Balaraba akwai tsabta.

Kwana uku bayan Sallah, Manja bai taso ya tarye ni ba. Ya kwanta a ƙasa kan tsakuwa, fukafukansa manne da jiki. Inda awarwaro ya karce shi wani farin abu ya tsiro kamar auduga. Can sai ya yunƙura ya hau sama ya yi ta haki, ya sake sulalewa ƙasa. Na durƙusa nan na rasa inda zan sa kaina. Tsoro nake ji, da kunya, da haushin kaina, kuma ba wanda zan iya faɗa wa.

Gwaggo, Allah ya saka mata, duk da bakinta ba ta zuba ido ba. Ta yi masa hayaƙi, ta ɗaura wa bokal laya a wuya, ta ce a ƙara masa abinci don mara lafiya sai da ƙarfi. Na ƙara, bai ci ba, ruwan ya yi ta dusashewa. Da safe Baba ya tsaya a ƙofa yadda ya saba, ya buɗe baki zai yi tambayarsa, sai ya ga kifin. Ya saɓa gorarsa ya wuce.

Ranar na ruga wurin Hajara. Ita ce ke kwasar bandarmu ta kai kasuwar Maraɗi, mace mai jiki da murya, ta san kowa a tasha. Na ce ta nemo shofer, wato direba, mai zuwa Damagaram, a gaya wa kukun likita cewa kifi ba lafiya, ya yi farin abu a gefe, ba ya ci, mi za a yi?

"Kifi ba lafiya," in ji Hajara, tana riƙe haɓa. "Ni Hajara na ga zamani. To, zan faɗa."

Kwana takwas na jira. Kada ku tambaye ni yadda suka wuce. Kullum audugar nan ƙaruwa take, har ta kama gindin wutsiya. Zanena ya fara zamewa daga ƙugu, Gwaggo tana faɗa wai zan mutu in bar kifi.

Rana ta tara da hantsi, Baba na tabki, sai ga Hajara ta shigo da tallenta a ka. Ta sha ruwa, ta gaida Gwaggo har da tambayar ƙafarta mai ciwo, ni ina tsaye kamar zan haɗiye ta. Sannan ta kwance bakin zane ta fito da wani ɗan ƙunshi na farin ƙyalle, ta ajiye a tabarma ba ta dube ni ba.

"Ya faɗa wa shofer, shofer ya faɗa mini. Ya ce a hana shi abinci kwana ukku. A sa shi cikin ruwa mai tsabta. A sa masa gishiri." Ta tura ƙunshin gabana. "Ga gishirin ma ya aiko."



Ku da ba ku tashi gidan masunta ba, bari in fahimtar da ku. In muka yi babban baƙo za mu dafa masa tarwaɗa, sai mu ajiye ta da rai cikin ruwa mai tsabta kwana uku, ba ci, har ta amayar da lakar cikinta. Sannan wuƙa, sannan gishiri. A gidanmu in aka ce a sa wa kifi gishiri, ma'anarsa ɗaya ce tak, ba ta da ta biyu.

Gwaggo ta tafa hannu a hankali. "To! Kuku dai kuku ne. Ya aiko muku da yadda ake dafa shi." Sai ta dube ni, muryarta ta sauka. "Ɗiyata, ya samu wata a Damagaram. Kunya ce ta hana shi faɗa kai tsaye, sai ya faɗa ta bakin kifi. Ya san maganar ubanki."

Kuma na yarda. Wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai har yau, cewa ban yi masa uzuri ko na ƙiftawar ido ba. Wata huɗu ina kwana ina tashi da kifinsa, shi kuwa yana can yana auna mini gishiri! Zuciya ta ɗebe ni, na miƙe na zaro wuƙar feɗe kifi daga jikin darni, na ɗauko faifai, na fito da bokal tsakar gida na dire.

"Ba sai an jira kwana ukku ba. Yau zan gama masa aikinsa, a naɗe a aika masa ya ci!"

"Ke, Balaraba, bi a hankali," in ji Hajara.

Na naɗe hannun riga na durƙusa. Manja yana kwance a karkace, ido ɗaya yana kallon sama. Da inuwata ta faɗa kan ruwan sai ya motsa wutsiya, ya yunƙura zai taso yadda ya saba, ya kasa. Wayyo Allah. Ni da na feɗe kifin da ba ya ƙirguwa, wuƙa ta faɗi daga hannuna. Na rungume bokal na fashe da kuka kamar ranar aka yi mini mutuwa.

A haka Baba ya shigo ya same mu, wandonsa jiƙe har cinya, koma a kafaɗa. Ya dubi wuƙa, ya dubi faifai, ya dube ni. Gwaggo ta kwashe duka ta faɗa masa. Bai zauna ba, ya sunkuya ya ɗauki ƙunshin ya kwance. Farin gishiri ne mai laushi irin na gidan Nasara, a tsakiyarsa kuma an cusa wani cokalin ƙarfe.

Ya juya cokalin a hannu. "Hajara, wanga fa?"

"Af, na manta! Ya ce cokali ɗaya a tulu guda na ruwa. Awon romon ke nan, ina ji."

"Tulu guda?"

"Haka shofer ya ce. Har sau biyu ya maimaita."

Baba ya dubi tulun da ke gindin randa, ya dubi Manja. "Romo tulu guda, don kifin da bai cika bakin mage ba? Wane irin kuku ne wanga?" Ya shafa gemu. "Yaron da ya tako daga Maraɗi da ƙafa don kada kamiyo ya girgiza ruwa, shi zai aiko a yanka? A'a. Magani ne. Mu ne ba mu san gishiri yana da wani aiki ga kifi ba."

Na ɗago da hawaye shaɓe-shaɓe. "Baba, in kuma ya kashe shi fa?"

"Shi ya sa ba da shi za mu fara ba."

Gwaggo ta miƙe tsaye. "Tanko, ka tuna maganarka. Ba kai ka kashe shi ba, ba kai ka sa masa ciwo ba. Ka bar abu ya bi hanyarsa, yarinya ta zauna kusa da kai."

"Yaya, na ce zan jira muddin shina numfashi. Ban ce zan naɗe hannu in ga ya daina ba."

Ya sake saɓa komarsa ya fita, rana tsaka, lokacin da ko mahaukaci ba ya shiga tabki. Kafin azahar ta wuce ya dawo da wata 'yar karfasa da ranta cikin ƙwarya, ita ma da karce a gefe inda koma ta ci ta. Ya sa na cika tulu da ruwan da ya kwana, ya ɗebi gishiri cokali ɗaya, ya share bakin cokalin da yatsa, ya zuba ya motsa da muciya. Ya juye a kwatanniya ya saki karfasar. Muka zauna mu huɗu muka kewaye ta, har Hajara da ta manta da kasuwarta. La'asar ta yi, karfasa na yawo abinta. Rana ta yi ja, har tsalle ta yi za ta fice.

"To," in ji Baba. "Kawo baƙonki."

Bai taɓa shi da hannu ba. Da ludayi ya rage ruwan bokal, ya dinga zuba mai gishirin kaɗan-kaɗan ta gefen gilashi. Ina kallon manyan yatsun nan da igiya ta tsattsaga suna aiki a hankali, sai na ji ba zan iya riƙe abin ba.

"Baba, ni ce. Ranar Sallah na kama shi da hannu, na wanke bokal da sabulu."

"Na sani," ya ce, bai ɗago ba. "Na ga shatin awarwaro tun ranar. Riƙe mini ludayin."

Muka maida shi ɗaki, na naɗe bokal da jiƙaƙƙen zane saboda zafi. Kowace safiya Baba kafin ya fita sai ya auna gishiri da kansa, mu rage ruwa mu ƙara. Yana yi yana tsokana, wai mu mun gama azumi Manja ya ɗauki nasa. Rana ta biyu na shigo na kama Gwaggo a kan bokal da ɗan guntun dawo tsakanin yatsu.

"Gwaggo!"

"Yo baƙo a gidana kwana biyu bai sa komai a baki ba? Ina zan kai wannan abin kunya?"

Da ƙyar na raba ta da dawon. Ta zauna tana ƙunƙuni, ta ɗauki mafici ta shiga yi wa jiƙaƙƙen zanen fifita, har hannunta ya gaji ta sauya ɗayan.

Rana ta uku audugar ta fara saki, tana faɗuwa ƙasa zare-zare. Rana ta huɗu da hantsi na yaye zanen, sai na ga fiffiken bayansa a miƙe. Na matsa, inuwata ta faɗa kan ruwan, Manja ya taso. A karkace ya taso, a hankali, amma ya iso sama ya buɗe baki. Na tsinci tsakin gero da yatsu biyu na saki. Ya cafke. Na ƙwala wa Baba kira har kaji suka watse.

Ya shigo da allurar ɗinkin koma a hannu, ya tsuguna, ya daɗe yana kallo. Ya yi 'yar dariya, ya ce alhamdu lillahi. Amma na san fuskar ubana, dariyar ba ta kai idonsa ba.

Da la'asar muka fito da bokal inuwar zaure ta ciki don ya sha iska. Baba na ɗinkin koma, ina riƙe masa baki yadda muka saba tun ina ƙarama. Na yi ta juya maganar a raina, can dai na kasa.

"Baba, da ka bar shi, da yanzu maganarka ta cika. Don mi ka cece shi?"

Ya ƙulla ido biyu na komar kafin ya amsa. "Ban taɓa ƙin yaron nan don ludayinsa ba, Laraba. Mutumin kirki ne, tun ranar farko na gani. Damagaram ce ta yi mini nisa." Ya ja zaren da haƙori. "Na ce kwana bakwai kifi zai yi, in huta ban zama mugu ba. Sai kika riƙe shi wata huɗu. Da na shigo na same ki rungume da kwalba kina kuka, na ce to, in ya mutu za ki zauna kusa da ni, amma da wace fuska?"

Ina son Hamisu, Allah ya sani. Amma duk watannin nan ina ƙirga numfashin kifi, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa zai riƙe wa Baba bakin koma ba.

Sai muka ji kukan jaki a ƙofar gida, da sallamar maza. Gwaggo ta leƙa ta kafar darni, ta dawo da sauri tana gyara kallabi, hannu a ƙirji.

"Tanko! Kawun yaron nan ne, da dattawa biyu. Ga huhun goro, ga tabarmi, ga kantun gishiri har biyu bisa jaki!"

Wannan gishirin kam duk Madarumfa ba wanda zai yi kuskuren ma'anarsa. Na neman aure ne.

Baba ya ɗan murmusa. "Yaron nan dai da gishiri zai gama da mu." Ya ajiye allura, ya karkaɗe rigarsa, amma bai tashi ba. Ya jawo bokal kusa da gwiwarsa, ya gyara 'yar kainuwar da yatsa. Manja ya taso wa inuwarsa kamar yadda yake taso wa tawa, a nan na gane ba yau ya fara zama gaban bokal ɗin nan ba.

Aka sake sallama.

"Uwata," ya ce, haka yake kirana in abin ya kai zuciya. Idonsa na kan ruwan. "Na iya awon yanzu, cokali ɗaya a tulu guda. In kin tashi tafiya, da shi za ki, ko za ki bar mini shi?"

Bakin komar na nan a hannuna ban saki ba, a waje kuma dattawan suka yi sallama ta uku.